Minista Ya Sauka: Yadda Aka Tsara Wa Matasa Manhajar Labarai

Bahaushe ya ɗora wa kalmar "labari" kaya masu yawa. Da ita yake kiran abin da ya auku jiya a kasuwa, da ita yake kiran tarihin kakanninsa, da ita kuma yake gaisuwa: a ce "ina labari?" a amsa "sai alheri", ko da kuwa ba alherin ne ya kwana a gidan ba. A wurinsa labari abu ne da mutum yake ba mutum. Ana kawo shi, ana ba da shi, ana jin sa. Da wuya a ji dattijo ya ce "na karanta labari"; "na ji labari" yake cewa, ko da a takarda ya gani. Wannan ɗabi'a ta harshe ce ta yi ta dawowa a tsakanin wasu mutum biyu a Maraɗi, kawu da ɗan ƙanwarsa, tsawon watannin da suka yi suna tsara manhajar labarai ta wayar hannu domin matasa.

Kawun ya shafe shekara ashirin da ɗoriya yana karanta labarai a wani gidan rediyo kafin ya huta. Ɗan ƙanwar tasa kuwa ilimin kwamfuta ya karanta, kuma shi ne mai shawarar tun farko. Abin da ya kai shi wurin kawun ƙarami ne: yana son wanda zai duba masa Hausar da ke kan maɓallan manhajar, kalmomi ba su fi talatin ba. Dattijon ya karɓi wayar, ya gyara zaman tabarau, ya ce aikin yini ɗaya ne. Damina ta zo ta wuce suna kai.

Saurayin bai zo hannu rabbana ba. Ya karanta rahotannin da Cibiyar Reuters ta Jami'ar Oxford take fitarwa duk shekara a kan yadda mutane suke samun labarai ta intanet. A rahoton 2023, kashi 22 cikin ɗari ne kawai na waɗanda aka tambaya suka ce sun fi son fara neman labari a shafi ko manhajar gidan jarida, alhali a 2018 kashi 32 ne. Wani binciken da cibiyar ta wallafa a 2019 ya leƙa wayoyin matasa a Ingila da Amurka, sai aka tarar in ban da Reddit babu manhajar labarai ko ɗaya a cikin manhajoji 25 da suka fi buɗewa. Kawun ya saurara har ƙarshe, sa'an nan ya tambaya ko an zo Nijar an yi tambayar. Ba a zo ba. Nijeriya tana cikin ƙasashen da ake bincika, amma mafi yawa masu jin Turanci ne a birane suke amsawa. Duk da haka bai yi musu da sakamakon ba, don ko a fadar samarin unguwarsu, inda ake kwana shan shayi, bai taɓa ganin wanda ya buɗe manhajar wani gidan jarida ba. WhatsApp ne, da Facebook, da TikTok. Labarin yana iso su ta hannun aboki, tare da muryar abokin da dariyarsa, wani lokaci har da ƙarin gishirinsa.

Akwai waɗanda suka riga su gwada irin wannan aiki a wasu ƙasashe, kuma saurayin ya san tarihinsu ciki da bai. Wani yaro ɗan Ingila, Nick D'Aloisio, ya ƙirƙiro Summly, manhajar da take taƙaita labarai, kamfanin Yahoo ya saye ta a 2013 yana ɗan shekara 17. Daga gare ta aka fitar da Yahoo News Digest a 2014, mai kawo taƙaitattun labarai sau biyu a yini, safe da yamma. Aka rufe ta a 2017. Mujallar Quartz ta fito da tata a 2016, wadda take ba da labari kamar ana musayar saƙo da aboki, ita ma aka rufe ta a 2019. A Indiya, Inshorts ta ƙayyade wa kowane labari kalma 60, ita kam ta rayu. Masu tsara manhajoji sun yaba waɗanda suka mutu ɗin ƙwarai da gaske. Yabon bai ciyar da su ba.

Abin da ya fara sauya tsarin, tun kafin a zo kan harshe, shi ne wayar kanta. Saurayin ya gina samfurinsa na farko a kan waya mai tsada, hotuna suna zamewa sumul. Da aka sa shi a ƙaramar Itel ta wani ɗan acaba, wanda a can ake ce wa ɗan kabu-kabu, sai da aka sha rabin kofin shayi kafin shafin farko ya buɗe. Mafi yawan wayoyin matasan yankin Tecno ne da Itel da Infinix, duka na kamfanin Transsion na ƙasar Sin, kuma da yawansu ma'ajiyarsu a cike take da hotuna da waƙoƙi. Duk manhajar da ta cika nauyi, ita ake fara gogewa ranar da wuri ya ƙure. Ga kuma lissafin data, wadda samarin suke kira "mega". Wanda ya sayi mega ta yini ɗaya da kuɗin da ya rage masa daga abincin rana ba zai yafe wa manhajar da ta kunna masa bidiyo ba tare da ya nema ba. Aka cire kunna bidiyo da kansa, aka rage girman hotuna, aka sa manhajar ta sauke labaran yini gaba ɗaya a lokacin da aka samu layi mai ƙarfi, domin a iya karantawa ko an shiga ƙauyen da babu sabis. A gefen kowane sauti aka rubuta nauyinsa, mutum ya san abin da zai kashe kafin ya latsa. Aka kuma jefar da rajista. Ƴan mata da yawa da aka ba samfurin su gwada da wayar yayansu ko ta mahaifiyarsu suke amfani, kuma ba wadda take son barin sunanta da lambarta a wayar da ba tata ba.

Duk wannan aikin injiniya ne, kawun bai sa baki ba. Inda ya sa baki shi ne kanun labarai, kuma a nan ne aikin yini ɗayan ya miƙe.

Wata safiya saurayin ya nuna masa kan labari na gwaji, kalma uku: "Minista ya sauka." Dattijon ya dube shi ya ce, "Ɗana, wanne daga ciki?" Domin jimlar tana da fuska uku. Idan "ya" doguwa ce mai karin sama, to an ba da labarin abin da ya riga ya faru, kuma ko a nan ma ma'ana biyu ce: ko ministan ya iso garin ya sauka daga jirgi, ko ya bar kujerarsa. Idan kuwa gajeriya ce mai karin ƙasa, to kira ake yi gare shi da ya sauka, ra'ayi ke nan, har ma ana iya cewa tawaye. A rediyo wannan ba ya zama matsala, murya tana raba doguwa da gajeriya, sauran jimlolin da ke biye kuma suna warware abin da ya rage. Rubutun boko na yau da kullum ba ya nuna karin sauti ko tsawon wasali, kuma a fuskar waya babu jimlar da ke biye. Kalma ukun nan ne za su faɗo a saman allo, mutum ya gani yana tafe, ya kai wa abokansa. Haka "an yi fari a Tawa" take: rashin ruwan sama ne, ko kuwa farin dango ne suka sauka a gonaki? Manomi yana jin bambancin a kunne, amma ido ba ya gani. Sai suka kafa ƙa'ida: duk kan labarin da za a iya karantawa ta hanya biyu, a ƙara masa kalma. "Minista ya yi murabus." "Minista ya iso Maraɗi." "Fari sun afka wa gonaki." Tsawo ya ƙaru, saurayin ya yi ƙorafin wuri, amma ya bi.

Wurin kuwa da gaske ƙarami ne. Sanarwar da take faɗowa a allon waya layi ɗaya ko biyu take nunawa, sauran a yanke da ɗigo uku. Hausa kuma tana son sarari. Abin da Bafaranshe zai rubuta da harufa uku, ONU, Bahaushe "Majalisar Ɗinkin Duniya" yake cewa, kuma ko da an taƙaita zuwa MDD ba kowane ɗan shekara goma sha bakwai ne zai gane ba. Haɗari mafi girma da kawun ya hango yana cikin labaran ƙaryata jita-jita. Ginin jimlar Hausa yakan ajiye hukuncin a ƙarshe: "Labarin da ake yaɗawa cewa an rufe iyakar Ɗan Isa da Jibiya ba gaskiya ba ne." Idan waya ta yanke jimlar a tsakiya, abin da zai rage shi ne "an rufe iyakar Ɗan Isa da Jibiya", wato manhajar da kanta ta yaɗa abin da ta fito ƙaryatawa. A garin da ya ɗanɗani rufe iyaka na gaske bayan juyin mulkin Yulin 2023, irin wannan rabin jimla tana iya ɗaga farashin tiyar hatsi kafin azahar. Daga ranar, kowane labarin ƙaryatawa da hukuncinsa yake farawa: "Ba gaskiya ba ne: ba a rufe iyaka ba."

Sai batun harufa masu lanƙwasa, wato ɓ da ɗ da ƙ da ƴ. Saurayin ya so a bar su, hujjarsa ita ce matasan da kansu ba sa rubuta su. Gaskiya ya faɗa, kuma akwai dalili. Tsofaffin wayoyi ba su da waɗannan harufa sam, kuma a gajeren saƙo na SMS mai ɗaukar harafi 160, da zarar ƙ ɗaya ta shiga sai iyakar ta koma 70, kuɗin saƙon ya ninka. Tsara guda ta tashi tana rubuta Hausa ba lanƙwasa, kuma tana fahimtar juna. Kawun bai yi doguwar muhawara ba. Ya rubuta jimla biyu a bayan wata takarda: "matasa sun kara da jami'an tsaro", da "matasa sun ƙara da jami'an tsaro a jerin waɗanda za a karrama". Ya ce a hira tsakanin abokai kowa ya san abin da ake nufi, amma wanda yake ba dubban mutane labari ba shi da wannan sassauci. Tsakanin "kara" da "ƙara" akwai jini. Aka bar harufan. Wahalar da ta biyo baya ta saurayin ce: sai da ya nemo salon rubutun da yake ɗauke da su duka, domin a wasu wayoyin ƙ takan fito a matsayin akwati fanko, ko ta fito da wani fasali dabam da sauran harufan kalmar. Kuma ya gyara wurin bincike yadda wanda ya rubuta "kasa" zai samu "ƙasa", wanda ya rubuta "yan" ko "'yan" irin ta Nijeriya zai samu "ƴan" irin ta Nijar. Manhajar tana rubutu da ƙa'ida, ba ta tilasta wa mai amfani da ita ya yi.

A kan kuɗi ma an yi zama. A Nijar ana ƙirga sefa da dala, kowace dala faran biyar, don haka ɗari na Bafaranshe "dala ashirin" ne a bakin ɗan kasuwa, dubu kuma "jaka". A Nijeriya kuwa tsofaffi sun san jaka a matsayin naira ɗari biyu. Wanda ya yi boko da Faransanci "miliyar" yake cewa, na Kano da Katsina "biliyan". Tun da masu karatun suna ɓangarori biyu na iyaka, sai aka yanke shawarar a riƙa rubuta adadi da lamba tare da sunan kuɗin, a bar dala da jaka ga muryar mai karantawa.

Ba a kowane zama dattijon ya yi nasara ba. Ya saba da salon rediyo, inda ake jero muƙamai da laƙabobi kafin a kai ga sunan mutum, a ce mai girma wane, shugaban kaza, kuma jagoran kaza. Samarin da aka ba su gwada sun ce kafin a gama gabatar da mutumin sun wuce. Aka yanke. Ya so a buɗe da labaran gwamnati kamar yadda aka saba. Saurayin ya nuna masa abin da ake latsawa a zahiri: sakamakon jarrabawar BEPC da ta BAC, guraben aiki da na karatu, farashin kaya, ƙwallon Turai, kokawar takobi idan lokacinta ya zo. Kawun ya ce wannan ai allon sanarwa ne na bakin ma'aikata. Saurayin ya ce, "Kawu, wanda ya shigo duba sakamakon jarrabawa, shi ne zai ga labarin kasafin kuɗin ilimi a ƙarƙashinsa." Dattijon ya yi shiru, wanda a wurinsa amincewa ce. Shi kuma ya hana Hausar titi mai gauraye da Faransanci da Turanci shiga cikin labari, ko da yake saurayin ya rantse ita matasa suke so. Da aka gwada, matasan da kansu suka ce labarin da aka rubuta da irin maganarsu ya yi musu kama da wasa, ba su san ko su yarda da shi ba. Babba mai kwaikwayon maganar yara, yara ne suke fara gane shi. Haka nan ya tsaya a kan cewa mutum "rasuwa" yake yi, ba a sa hoton gawa, kuma ba a fitar da sunan mamaci a sanarwa kafin a tabbatar iyalinsa sun ji. Uwa ba ta cancanci jin mutuwar ɗanta daga ƙarar waya ba.

Wani abin da ya ɗauko daga rediyo shi ne ƙarshe. Shafukan sada zumunta an gina su yadda ba su da gindi, ana ja suna ƙaruwa. Labaran rediyo kuwa suna da lokacin farawa da na gamawa. Sashen Hausa na BBC, wanda ya fara aiki a 1957, ya sabar wa mutane da shirin safe da na hantsi da na rana da na yamma, mai karatu ya kai ƙarshe ya ce ƙarshen labaran ke nan, kowa ya tashi ya kama harkarsa. Kawun ya ce yaron da yake jin labaran hare-hare da tsadar rayuwa ba iyaka, ƙarshenta zai daina ji gaba ɗaya. Binciken Reuters ɗin ma ya nuna haka, domin fiye da kashi ɗaya cikin uku na waɗanda aka tambaya sun ce sukan kauce wa labarai da gangan. Sai manhajar ta zama labari bakwai da safe, bakwai da yamma, a ƙasa kuma a rubuta "shi ke nan sai yamma". Sanarwar "labari da ɗumi-ɗuminsa" aka keɓe ta ga abin da zai sa mutum ya sauya hanya ko ya kira gida. Saurayin ya lura cewa sun sake ƙera Yahoo News Digest ne ba su sani ba, wadda kuma ta mutu. Kawun ya ce rediyon da suka kwaikwaya bai mutu ba tukuna.

Batun amana ya fi kowanne nauyi, kuma lokacin da suke aikin ya ƙara masa nauyi. Hukumomin Nijar sun dakatar da RFI da France 24 a watan Agustan 2023, suka dakatar da BBC na wata uku a Disambar 2024, Muryar Amurka kuma ta yi shiru a Maris na 2025 bayan matakin da gwamnatin ƙasarta ta ɗauka. Duk gurbin da aka bari, saƙon murya na WhatsApp yake cike shi, wanda ba a san wa ya fara yi ba ko yaushe. Ƙasar da kusan rabin mutanenta ba su kai shekara 15 ba, kuma mafi yawan manyanta ba sa karatun boko, da kunne take karɓar labari. Saboda haka maɓalli mafi girma a manhajar ya zama na saurare, na biyu kuma na turawa. A kan wannan na biyun ma an yi gardama. Saurayin ya rubuta "raba", kawun ya ce raba gado ake yi, ko raba faɗa; abin da yaran suke cewa da bakinsu "tura min" ne. Aka sa "tura". Kuma tun da an san labarin zai bar manhajar ya shiga yawo, sai aka sa kowane sauti ya fara da ranar da aka yi shi da inda aka samo labarin, kowane hoto kuma ya ɗauki kwanan wata a jikinsa, domin kada ambaliyar bara ta dawo bana a matsayin sabuwa.

Akwai abin da har yanzu ba su warware ba. Manhajar ba ta kawo kuɗi. Talla tana cin mega, matasan ba za su biya kuɗin wata ba, kuma duk mai hannu da shunin da ya nuna sha'awar tallafawa yana da labarin da yake son a fara da shi. Wurin sharhi ma a rufe yake, don ba su da wanda zai kwana yana tace zagi da ƙazafi. A ƙarshen Maris na 2025 sabon kundin da ke jagorantar ƙasar ya ayyana Hausa a matsayin harshen ƙasa, saurayin ya yi murna yana ganin kasuwa za ta buɗe. Kawun ya ce takarda ba ta sayen data.

Muryar da za ta karanta labaran ita ce ta zo a ƙarshe. Kowa ya ɗauka ta kawun ce, shi ma haka ya ɗauka. Ya yi ɗauka uku a ɗakin da aka lulluɓe da barguna don kashe amo, aka kai fada aka kunna. Samarin suka saurara cikin ladabi. Da aka matsa musu, ɗaya ya ce, "Baba, muryar tana da kyau, sai dai da ta fara na ɗauka juyin mulki aka yi." Dattijon ya yi dariya tare da su, amma kwana biyu bai leƙo wurin aikin ba. A na ukun ya zo da wata ɗalibar lise ƴar maƙwabta, wadda ya taɓa ji tana karanta wa kakarta wasiƙa. Ita take karanta labaran yanzu, da safe kafin ta tafi makaranta da kuma bayan la'asar. Shi kuma yana zaune a gefe da jan biro, yana sa mata alama a kan wasulan da za ta ja, yana tsayar da ita duk lokacin da ta haɗiye ƙarshen jimla.